Fuskar Injin Baba

A shekarata ta biyu a kwalejin horar da malamai na ci darasin kwamfuta da maki mai kyau, alhali ban taɓa kunna kwamfuta da hannuna ba. Wanda ya san ɗakin ba zai yi mamaki ba. Mu biyar ko shida muke zagaye na'ura ɗaya, kuma kullum akwai mai zafin nama da zai riga kowa zama a kujera. Ni a baya nake tsayawa, na rungume jakata, ina leƙe ta saman kafaɗun mutane. Idan aka ɗauke wuta sai mu koma aji, malamin ya zana mana madannai a allo da alli. Na haddace komai. Na san sunan kowane sashe, na san amfaninsa ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera a takarda. Ranar jarrabawa na juye musu kayansu na fito.

Ba ƙyuya ba ce, tsoro ne. Na tashi da sanin cewa abu mai tsada ba mai taɓa shi sai wanda ya iya, kuma ban taɓa tambayar kaina ta yaya shi wanda ya iya ɗin ya fara ba. Ina da babbar waya wadda yayana ya bar min da ya canza tasa, amma kira da saƙo kawai nake yi da ita. Idan wani abu ya fito a fuskarta wanda ban gane ba, kifa ta nake yi, in jira ya tafi don kansa.

Malamanmu kuwa ba su da zance sai na fasahar zamani. Kowace lakca sai an gaya mana cewa malamin da bai iya kwamfuta ba, nan gaba kaɗan ba shi da wuri a aji. Mu gyaɗa kai, mu rubuta. Ni dai abin da na sa a gaba shi ne takardar shaida, sai aiki a wata firamare kusa da gida, da allina a hannu, yadda na ga an koyar da ni.

Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, aka tura ni wata firamare a bayan masana'antun Challawa. Gidanmu a Sharaɗa yake, adaidaita sahu biyu nake shiga kafin in isa, muna kutsawa tsakanin manyan motocin da ke jiran lodi a bakin hanya. Makon farko warin jimar fata ya hana ni karyawa. Yaran kuwa dariya suke yi min idan suka ga na rufe hanci da mayafi, don su sun daɗe da daina jin sa.

Mu biyu aka tura makarantar. Ɗayar 'yar ajinmu ce, mutuniyar Jigawa, tana zaune wurin kawunta a Zawaciki. A kwaleji gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma na san ta, don tana cikin 'yan matan da ke ture maza su zauna gaban kwamfuta. Ran farko muna zaune gindin darbejiya lokacin tara, tana ta latse-latsen waya, ta ce min:

"Ke kin ɗauka koyarwa zan yi? Wallahi hanyar fita nake nema. Duk abin da kika ga ina koya a wayar nan, don in samu aikin ofis ne."

Na ce, "Ai ke kin huta, kin san abin da kike nema."

Ta dube ni ta yi dariya, daga nan muka zama ƙawaye.

Aji biyar aka ba ni. Malamin ajin dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, siriri, mai ƙaramar murya. Idan ina koyarwa sai ya zauna can baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ba ya cewa komai. Yaran sun haura saba'in, wasu a benci, wasu a ƙasa.

A takardar da malamin kwaleji ke cikewa idan ya zo duba mu, akwai gurbi na musamman don amfani da na'urorin zamani, kuma makinsa ba kaɗan ba ne. Da na ji ranar zuwansa ta matso, hankalina ya tashi. Darasin ranar a kan yadda zafi ke narkar da abu ne, sanyi kuma ya daskarar da shi. Ƙawata ta ce kada in damu. Ta karɓi wayata ta sauko min da wani bidiyo, ta nuna min inda zan danna sau ɗaya tak.

Ranar na tsaya gaban aji na ɗaga wayar sama, na danna. Wani Bature ne cikin farar riga, yana narkar da ƙanƙara a kwalba, yana zuba Turanci da sauri, wanda ni kaina rabi nake tsinta. Kafin in ankara ajin ya taso min gaba ɗaya. Na baya suka hau benci, na gaba suka riƙe min hijabi, wata yarinya ta fashe da kuka an taka mata ƙafa. Na yi ta ɗaga murya har bidiyon ya ƙare. Mai dubawa yana gefe yana rubutu. Da muka fito ya ce min, "Kin yi ƙoƙari, haka ake so," ya cika min gurbin nan.

Bayan an tashi, ina share allo, dattijon ya matso.

"Malama, ya ba ki makin?"

"Ya ba ni, Malam."

"Madalla. To gobe ki tambaye su me suka gani."

Washegari na tambaya. Wani ya ce sun ga Bature. Wata ta ce yana sanye da tabarau. Wani kuma ya ce wayar Malama ta tsage a gefe. Babu wanda ya ambaci ƙanƙara. Dattijon bai dube ni ba, hularsa yake juyawa a gwiwa. Da aka fita tara ya ce min a hankali, sai an sake darasin, amma ba gaggawa, in bari sai na shirya.

A wannan tsakanin ne na fara lura da Baba.

Mahaifina ya shekara talatin da biyu yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, a kan injin da ke fitar da bokitai. Daga ƙauye ya zo yana saurayi, ya fara da shara, har ya kai ga riƙe inji. Bai yi boko ba, amma yana da karatun allo mai ƙarfi, yana rubutun ajami, ya kuma san lambobi. Uwata yake kira na, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na saba idan ya dawo daga aiki ya tsaya a zaure ya yi ta ba'a da maƙwabta kafin ya shigo. Sai ga shi yanzu yana shigowa kai tsaye, ya kwanta a tabarma, Umma tana shafa masa man zafi a kafaɗa.

Wata la'asar muna tankaɗe a madafi, na tambaye ta ko ba shi da lafiya. Ta leƙa tsakar gida, sannan ta rage murya.

"Lafiyarsa ƙalau. Sabon inji aka kawo, aka cire nasa. Wai shi wannan da gilashi ake sarrafa shi, kamar waya, kuma duk Turanci ne. Sun ɗauko wani mai takarda sun ɗora, shi kuma sun mayar da shi wajen lodi. Wata guda ke nan. Kada ki nuna masa kin sani."

Ban nuna ba. Amma ranar Lahadi da hantsi, da kansa ya kira ni. Yana zaune a inuwar ɗaki, ya shimfiɗa wani yankin kwali a gabansa. Zane ne da biro: akwatuna ƙanana a jere, lambobi a ciki, da haruffan Turanci a samansu, waɗanda daga gani zana su aka yi ɗaya bayan ɗaya, ba rubutawa ba. Daga baya ya gaya min yadda ya yi. Duk sanda ya ɗauko jerin bokitai zai wuce ta gaban injin, sai ya rage tafiya ya ɗauki kalma ɗaya a kansa, idan an fita hutu ya sauke ta a kwalin.

Ya ce, "Uwata, ke da kika ci jarrabawar kwamfuta, duba min nan."

Na durƙusa na duba. Wasu kalmomin na iya karanta su, wasu ya juya musu harafi. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya kama abin da ya saba. Na fara zuba masa haddar kwaleji: wannan shi ake kira kaza, na'ura tana da sassa kaza, akwai wajen shigar da bayani, akwai wajen fitarwa. Ya saurare ni da haƙuri har na kai ƙarshe.

"To," ya ce, "idan bokiti ya fito bakinsa bai cika ba, wanne zan taɓa a nan?"

Na dubi kwalin.

"Baba, ban sani ba." Sai kuma na ji sauran maganar ta fito da kanta. "Ban taɓa kunna ta ba ma. Hadda na yi."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Shekara biyu yana gaya wa abokan aikinsa cewa 'yarsa tana koyon kwamfuta. Sai ya ninke kwalin biyu, ya sa a ƙarƙashin tabarma.

"To ashe mu biyu ne," ya ce. "Je ki taya uwarki aiki."

Da ya yi min faɗa da na fi samun sauƙi. Yinin ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Ranar Litinin na kwashe komai na gaya wa ƙawata. Na ɗauka za ta yi dariya, amma ba ta yi ba. Ta ce nata uban ma manomi ne, da a ce an taɓa raba shi da gonarsa ta san yadda zai koma. Sannan ta ce, "Ki ba shi wayarki ya ɗauko hoton fuskar injin. Idan muka ga ainihin rubutun, sai mu nemo ma'anarsa."

Na ce ni ban iya ɗaukar hoton kirki ba. Ta ce, "To yau za ki iya." Ta sa ni na yi ta ɗaukar jadawalin da ke manne a bangon ofis har sai da rubutun ya fito tar. Da yamma ni kuma na koya wa Baba. A nan muka gano wata matsala: yatsunsa sun yi kanta saboda shekarun taɓa roba mai zafi, gilashin wayar ba ya jin su. Ya danna, ya danna, shiru. A ƙarshe da gefen ɗan ƙaramin yatsansa ya samu ta amsa.

Ya nemi izinin shugaban sashensu, wanda ya yi dariya amma ya yarda. Mutumin da aka ɗora a kan injin ma bai yi ƙyashi ba, ya yi ta buɗe masa shafi bayan shafi. Hotunan ran farko dai ba su yi amfani ba. Akwai na daɓen siminti, akwai na babban yatsa, akwai guda huɗu na fuskar Baba da kansa, ya haɗe gira yana hararar waya. Umma ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, karo na farko cikin makonni. Rana ta biyu ya kawo guda goma sha ɗaya masu kyau.

Daga nan lokacin tara ya daina zama na hira. Ni da ƙawata mu zauna gindin darbejiya, mu ɗauki kalma ɗaya mu nema. Muka tarar akwai mutane a ƙasashe masu nisa da suka ɗauki bidiyon irin wannan injin suna bayani. Turancinsu ya sha bamban da wanda na sani, sai na mayar da bidiyon baya sau biyar kafin in kama jimla ɗaya. Ban san lokacin da na daina jin tsoron dannawa ba. Wata rana garin bincike na juya harshen wayar gaba ɗaya zuwa wani rubutu da ban taɓa gani ba, ƙawata kuma ba ta zo ba ranar. Na zauna da ita kusan awa guda, ina shiga ina fita, har na dawo da ita daidai. Ba wanda ya gani, amma a adaidaita sahu ina ta murmushi ni kaɗai.

Bayan sallar magariba sai mu baje a tsakar gida ni da Baba, waya a tsakiya, sabon kwali a gefensa. Na ɗauka ni zan koyar. Ba haka abin ya kasance ba. Ni dai in faɗi kalma in fassara, shi kuma ya gaya min abin da take nufi a gaske.

Na ce, "Wannan wai lokacin sanyaya."

Ya ce, "A'a, tsaya. Nawa aka rubuta?" Na faɗa masa. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, yana lanƙwasa yatsu. Ya buɗe ido. "Shi ne. Ai ni istigfari nake yi, idan na kai adadin sai in buɗe. Ashe abin da suka sa a akwatin nan ke nan."

Haka muka bi su. Zafin gaba, zafin tsakiya, ƙarfin turawa, yawan abin da ake zubawa. Kowanne ya san shi tun kafin a haife ni, da kunne ko da hanci ko da tafin hannu. Idan roba ta fara ƙuna yana ji tun kafin a gani. Sai ya rubuta sunan da ajami kusa da akwatin. Waɗanda suka yi masa wuyar riƙewa na karanta su da murya na naɗa, ƙawata ta nuna min yadda zan tura su cikin ƙaramar wayarsa mai madannai, yana saurare a hanyar aiki.

Wani maraice yana yi min bayanin tambayar da ya fara yi min, ta bokitin da bai cika ba. Ya ce robar tana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara, a zuba ta sama, zafi ya mayar da ita kamar koko mai kauri, a tura ta cikin mazubi, ruwan sanyi ya zagaya ta, ta sandare ta zama bokiti. Idan zafin bai kai ba, kokon ba zai gudu ya kai baki ba. Ina sauraronsa sai na farga. Darasina ne yake faɗa, wanda na kasa koyarwa, kuma da Hausar da kowane yaro a ajina zai gane.

"Baba, za ku iya ɗaukar min wannan a bidiyo? Ku yi bayanin kamar yadda kuka yi yanzu."

"Wa zai kalla?"

"'Yan ajina."

Ya dube ni kamar na zautu. "Ni zan shiga darasin boko?"

Kwana biyu yana cewa a'a. A rana ta uku ya ce akwai tsohon inji guda da ya rage a ƙarshen ɗakin, mai yin kofuna, wani abokinsa mutumin Nijar ke riƙe da shi. Shugaban sashe ya ce ba laifi, muddin ba za a nuna fuskar kowa ko sunan kamfani ba. Bidiyon da ya kawo bai kai minti uku ba. Hoton yana rawa, ƙarar inji ta cika shi, muryar Baba tana tashi sama da ita kamar mai kiran wani daga nesa. Ya kuma kawo min ƙwayoyin roba cikin ƙullin takarda, da wani kofi da ya fito rabi.

Saura yadda yara saba'in za su gani ba tare da sun taka juna ba. Ƙawata ce ta gano cewa akwai majigi a makarantar, na'urar da ke haska hoto a bango, wanda wasu suka bayar kyauta tun kafin zuwanmu. Yana cikin kwalinsa a kabad ɗin shugabar makaranta. Da na je roƙo, Hajiya ta ce ita ba ta ƙi ba, amma idan ya lalace ita za a tambaya, kuma mu baƙi ne, gobe za mu tafi. Na fahimce ta sarai, don irin tsoron nata na sani. Na fito ba tare da na ja ba.

Dattijon ajina ya ji labari. Ya sa hularsa ya nufi ofis, na bi shi a baya.

"Hajiya," ya ce, "ki rubuta ni na ɗauka. Na kusa tafiya gida, ina so in ga abin nan ya yi haske sau ɗaya."

Ta ba shi mukulli.

Makarantar ba wuta. Akwai mai walda a jikin katangarmu, Malam ya je ya yi masa magana, ya yarda ya jawo mana waya daga janaretansa na rabin awa. Muka rufe tagogi da tabarmi da tsofaffin buhuna. Da aka zo haɗa majigin da wayata na miƙa wa ƙawata, sai ta mayar da hannuwanta baya.

"Wallahi ba zan taɓa ba. Darasinki ne."

Na haɗa da kaina. Na farko bai yi ba. Na cire na sake. Sai ga haske a bango, ga hannun Baba cike da ƙwayoyin roba, ya fi faifai girma.

Ajin ya yi tsit. Muryarsa ta cika ɗakin: ga shi nan kamar tsaki, to ku duba inda zai shiga. Da kofin farko ya faɗo daga mazubi, wata yarinya a gaba ta miƙe tsaye.

"Malama, irin kofinmu ne!"

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce babansa ma a irin wurin yake aiki, waccan ta ce innarta tana sayar da abinci a ƙofar wani kamfanin. Na tsayar da hoton, abin da ban san ana yi ba wata biyu da suka wuce, na zagaya da ƙwayoyin a tafin hannuna suna taɓawa. Na ɗaga kofin da ya fito rabi na tambaye su me ya same shi. Hannuwa suka tashi. Wuta ce ba ta isa ba, in ji wata. Wani ya tambaya, idan aka sake zafafa kofin zai koma koko? Kafin in amsa, wata da mahaifinta ke aiki inda ake niƙa tsofaffin robobi ta juya ta ba shi amsa, har da yadda ake wanke su kafin a niƙa. Wani can baya ya ce, shi hayaƙin da ke tashi a saman injin fa, daga ina yake? Wannan shi ne darasin mako mai zuwa, ya zo da ƙafarsa.

Sai da na waiwaya na ga Malam. Ƙusar da ta riƙe tabarmar wata taga ta fita, shi ne ya tsaya ya ɗaga hannu biyu ya danne ta, tun farkon darasin har ƙarshe, yana kallon bango ta ƙarƙashin hammatarsa.

Mai dubawa bai zo ranar ba, ba kuma wanda ya rubuta min maki. Da yara suka fita, Malam yana murza kafaɗunsa ya ce, "Wannan ba sai kin tambaye su gobe ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki gaida min mahaifin naki. Ki ce masa ya iya koyarwa."

Na isar da saƙon. Baba ya ce, "Kai, ba'a dai," amma sai da ya sa na maimaita masa abin da kowane yaro ya ce.

Ba zan ce daga nan komai ya miƙe ba. Da muka so nuna wa 'yan aji shida, mai walda ya samu aiki a tsakiyar darasi ya zare wayarsa, muka ƙarasa da baki. Bayan tafiyarmu na ji an yi amfani da majigin 'yan lokuta, sannan wani abu ya ƙone a cikinsa, ya koma kabad. Ƙawata ta samu aikin da take nema, a wani babban sito a Bompai, tana shigar da bayanan kaya a kwamfuta. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Dalilinta na gaskiya ne, shi ya zaunar da ita ta koya, kuma da abin da ta koya ɗin ta tsamo ni.

Nakan yi tunanin abin da ya sa shekara biyu na gargaɗi a lakca ba su motsa ni ba. An yi ta gaya mana za a bar mu a baya, amma ni ban ga bayan ba, ban ga gaban ba. Maki ya motsa ni na yini ɗaya. Abin da ya sa na zauna da waya har na daina tsoronta shi ne wani mutum da nake ƙauna ya yi min tambaya guda, mai amsa, ni kuma ba ni da ita. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Na'ibawa, kuma yawancin ranaku da alli nake aiki. Nakan ciro waya ne idan akwai abin da ke wajen katanga wanda nake so yara su gani, kuma bakina ba zai iya kawo shi ba.

Shi kuwa Baba, bayan na gama gwajin koyarwa da 'yan makonni, ya nemi a gwada shi a kan sabon injin. Injiniyan ya yarda. Ya bi shafukan da ya sani ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, sai injin ya yi ƙara ya fito da wani jan rubutu wanda ba ya cikin hotunanmu. Ya tsaya yana kallo. Aka ce ya koma bakin aikinsa. Ranar da ya dawo bai ci tuwo ba. Washegari da safe, kafin ya fita, ya miƙo min hannu ya ce in ba shi wayar, akwai shafin da ya rage.

Ya ƙara wata huɗu a wajen lodi. A cikinsu, duk sanda bokitai suka fara fitowa a karkace ko da tabo, mai riƙe da injin yakan aika a kira shi. Ya zo ya shinshina, ya taɓa, ya ce a rage nan, a ƙara can, yana nuna akwatin da yatsa. Ya taɓa ce min injin ba ya mantuwa, amma ba ya jin wari. Da kamfanin ya kawo sabon inji na biyu, aka sa shi a kai a aikin safe, tare da wani. Ba a taɓa bar masa shi shi kaɗai ba har ya ajiye aiki, kuma na san abin yana ɗan sosa masa rai, ko da yake bai faɗa ba.

Ranar da ya fara, ya dawo da wani koren bokiti a hannu. Shugaban sashe ne ya ce ya tafi da shi, na farko da ya fito bayan ya saita injin da kansa. Ya ajiye shi a tsakar gida ya ce wa Umma ga shi nan, ko za a yi wani abu da shi. Ta ɗaga, ta juya, ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta ce ba laifi. A ciki take jiƙa gero har yau. Bara mariƙinsa ya karye, ta ɗaura masa igiya.